Gilashin da Sai an Gaisa

Jiya ina kakkaɓe jakar aiki zan tafi suna a Kabo, sai ga ɗan gilashin kyamarar marigayi Baba mai hoto, naɗe a ƙyallen da har yanzu ke ƙanshin turarensa. Bai kai kofin shayi nauyi ba, kuma da araha ya saye shi. Ba ya jawo nesa. In kana son fuska, sai ka taka ka je.

Wata rana muka je Getso ɗaukar hoton mahaifiyar mai gari. Na tsaya can nesa da dogon gilashina mai tsada ina ta ɗauka, ita kuwa ta ɗaure fuska tamau. Baba ya tuɓe takalmi, ya durƙusa bakin tabarmarta.

"Inna, an tashi lafiya? Ya ƙafar?"

Har awakinta sai da ya tambaya. Tana fara dariya ya danna sau ɗaya. Fuskar ta fito tar.

A hanya ya ce min, "Kai daga nesa kake satar mutane. Nawa gilashin ba ya aiki sai na gaisa."

Hoton da ya ɗauka ne rataye a zauren mai gari har yau. Allah Ya haskaka kabarin Baba, Ya kusantar da shi ga rahamarSa.