Jika Dubu Uku

Ko da tsufa zai kwashe mini komai daga ka, ranar da ilimin mijin ƙanwata ya raba ni da gida a Malanville ba za ta bi sahu ba.

Shekara tara ina tara ribar albasa don in bar haya. Na samu gida daf da kasuwa, mita ɗari biyu, miliyan goma na sefa, har mun sa ranar biya. Sai ga mijin ƙanwar tawa daga Kwatano, mutumin da ko gaisuwa sai ya yayyafa mata Faransanci. Ya ce masu ilimi ba sa sayen gida da ido, raba kuɗin ake da faɗin wurin, a ga nawa mita ɗaya ta tsaya. A gidan nawa mita ta tsaya dubu hamsin. Ya taɓe baki, wai an ga baƙauye.

Ina can Garou wajen awon albasa ya je ya taya gidan wani dattijo, mita ɗari biyu da hamsin. Ya dawo da takarda yana hura hanci: miliyan uku, mita dubu goma sha biyu kacal! Raina bai kwanta ba, amma kwaɗayi da kwat ɗinsa suka rufe mini baki. Na janye daga na kasuwa, kafin mako wani ɗan Gaya ya saye.

Ranar biya na ajiye kuɗin gaban dattijon. Ya duba, ya dube ni.

"Alhaji, wanga mi ne ne? Kahin alƙalami?"

Gwanin namu ya ce, "Baba, ba jika dubu uku kuka ce ba?"

"Shi na ce, ɗana. Ku can jikarku nawa ta?"

Nan na gane. Duk mai tallar ƙosai a garin nan ta san jika dala dubu ce, sefa dubu biyar. Shi gwanin ya ɗauke ta sefa dubu ɗaya. Miliyan goma sha biyar dattijon yake nufi, mita dubu sittin, ta fi wadda na gudu tsada. Ko kunya babu, gogan ya gyara tabarau ya ce ai dabarar daidai take, harshen ne bai waye ba.

Na yi shekara uku cur ina wuce ƙofar gidan nan na kasuwa zuwa ɗakin hayata, takaici kamar ya kashe ni. Dabarar kam ta gari ce, da ita na sayi gidan da nake ciki yanzu. Amma tun ranar na koyi cewa kafin mutum ya raba mini kuɗi da mita, sai na tambaye shi jika nawa ce.