Dawar da Mama ta ƙi shukawa

Shekarun baya, lokacin da ɓarayin daji suka hana mutanen ƙauyenmu sakat a can wajen Mahuta, mahaifiyata ta dawo wurina a Funtua. Ba da son ranta ta zo ba, sai da ƙanena ya yi ta magiya kamar zai yi kuka. Kayanta ƙulli biyu ne, sai 'yan zangarniyoyin dawa da ta naɗe a tsohon zane. Farar dawa ce da ta gada wurin kakarmu, mai saurin nuna, tuwonta har ƙamshi yake yi. Kowace kaka Mama kan zaɓi masu kyau ta rataye saman murhu, hayaƙi ya kore ƙwari har damina ta zagayo.

Ta ajiye ƙullin a bayan ƙofa, ta ce kada wanda ya taɓa, mako mai zuwa za ta koma. Damina guda ta wuce ƙulli yana nan. Ga kunyar zaman gidan suruki, in maigidana yana nan ko ruwa ba ta iya sha. Ta rame, ta yi shiru, matar da a ƙauye ita ke ba da waƙa a zumuntar mata ta coci. Wallahi na tsorata. Iri kuma in ya daɗe bai shiga ƙasa ba mutuwa yake yi, mu kuwa da gas muke girki, ina hayaƙi? Har na fara ganin ɓarnar ƙwari a zanen.

Hajiya mai gidan da muke haya ta ce mata, "Mama, ga kangon nan na baya, ciyawa ce kawai ke morarsa. Ki shuka abinki mana."

"Na gode Hajiya. Ni da zan tafi, wa zai girbe?"

Ni kuwa malamar makarantar Lahadi ce, ina ganin babu zuciyar da za ta gagare ni. Ran nan muna tsintar wake na gyara murya, irin wadda nake yi wa yara. Na ba ta labarin Isra'ilawa da aka kwashe zuwa Babila, suka zauna bakin kogi suna kuka, kullum suna cewa gobe za su koma. Sai wani annabi ya aiko musu da saƙo cewa su gina gidaje, su yi lambuna, su aurar da 'ya'yansu, su nemi alherin garin da suka tsinci kansu.

Ta bar ni har na kai aya, ina jin daɗin kaina.

"Kin gama?" in ji ta. "To shekara nawa suka yi a can?"

Na kama sosa ƙeya.

"Saba'in! Wa ya fara ba ki labarin nan tun kina yawo da majina? Wato so kike in mutu a Funtua."

Ta kakkaɓe zane ta shige ɗaki, ta bar ni da faifan wake. Gaskiya da gangan na tsallake maganar shekarun, na manta da wa nake magana.

Kwanaki muka yi daga gaisuwa sai gaisuwa. Washegarin da aka yi ruwan shuka, da safe na ji ƙarar sungumi a bayan gida. Na leƙa, sai ga Mama ta ci ɗamara tana sara, Hajiya na tsaye tana korar awakinta.

"Mama, ashe dai wa'azina ya shiga."

"Rufe mini baki. Tunani na yi. Waɗanda suka koma gida ai yawancinsu 'ya'ya da jikokin masu shukar ne. Da iyayen sun zauna kan ƙulli sun ƙare, wa zai koma? Ɗauko iri ki biyo ni, kuma ki taka da kyau."

Na bi ta ina zuba iri ina rufewa da diddige, hawaye na zubo mini, ita tana faɗan na cika hannu.

Ba duka ya tsiro ba, ƙwari sun riga mu. Amma abin da ya fito ya yi kyau. Mama ta kwance ƙulli don neman zanen aiki, ba ta sake ɗaure shi ba. Rigimarta da awakin Hajiya ta zama aminci da Hajiyar kanta, har suna raba goro. Kafin dawa ta fid da kai, ina jin waƙarta daga kicin.

Bayan wasu damuna hankali ya kwanta, mutanenmu suka fara komawa. Sai aka tarar farar dawar nan ta ɓace a ƙauyen, wasu sun cinye nasu irin, na wasu ya lalace a rumbu. Mata suka riƙa zuwa har Funtua, Mama tana auna musu da tafin hannu tana yi musu gargaɗi. Daga baya ita ma ƙanena ya zo ya ɗauke ta.

Har yau in na ba yara labarin Babila ba na tsallake shekara saba'in ɗin. Na gane cewa wanda ke jiran komawa gida ma sai ya rayu tukuna a inda yake. Mama ta bar mini zangarniya ɗaya, kuma duk ruwan shuka sai wayata ta yi ƙara. Mama ba ta ko tsayawa doguwar gaisuwa.

"Ke malama, kin shuka?"