Kafin Kaza Ta Taka

Da ƙafar hagu ake taka kulocin mota. Ban taɓa damuwa da wannan ba sai shekarar da na zame a bakin rijiyar gidanmu a Ikara, idon sawuna na hagu ya karye.

Maigida yana Kudu a lokacin, ya bi motar albasa. Surukata ce ta aika Janfalan aka ɗauko mai ɗori. Ya ja ƙafar har na ga duhu, ya jera karare ya ɗaure. Sannan ya sa aka kamo kaza cikin kajina, ya karya mata ƙafa ita ma, ya ɗaure da tsinke. Kukanta ya fi nawa taɓa ni. Ya ce, "'Yata, ranar da ta taka, ki taka. Kafin nan ko gobara aka yi, a ɗauke ki, kada ƙafar nan ta taɓa ƙasa."

Zuciyata ba ta kwanta da batun kazar ba, don ban san inda ya zo a addini ba. Muka zauna ni da ita a rumfa, ina watsa mata tsaki.

Ana haka ƙanwata ta bugo waya daga garinmu Gazara. "Yaya, jikin Inna ya rikice. Ko koko ba ta sha, sunanki kawai take kira."

Motar maigida tana ƙofar gida a lulluɓe, tsohuwa mai giya. Da ita ya koya mini tuƙi, ni ke kai yara makaranta. Acaɓa ba zai yiwu da ƙafa a miƙe ba. Abin da nake nema kawai wanda zai zauna a kujerar direba. Na aika aka kira mini wan maigida, da muke gida ɗaya da shi.

"Yaya, don girman Allah ka kai ni in ga Inna. A baya zan kwanta, ba zan taka ba."

"Ayya, Allah Ya ba ta lafiya. Yau muna tsinkar tumatir, kin san shi ba ya jira. Gobe in Allah Ya kai mu."

Gobe ta zo, ba a gama zuba kwanduna ba. Wata goben dillalai suka iso. Matarsa ta leƙo rumfa tana dariya, "Amarya, ƙawar taki ta taka kuwa? Ki lallashe ta mana, ita ke riƙe da ke."

Washegari da hantsi na idar da walaha a zaune, na dubi kazar tana tsalle da ƙafa ɗaya, na ɗauki makulli. Taɓarya na dogara har ƙofa. Surukata tana cewa, "Ke 'yar nan, kin haukace ne?" Na ce, "Iya, uwata ce fa a kwance."

Takun farko na kuloci, wani abu ya tsarga mini daga diddige har tsakiyar kai. Na cije mayafi. Da na samu giya ta biyu sai na bar ta nan, motar tana gurnani, masu babur suna wuce ni suna waiwaye. Wani ya ce, "Hajiya, a ba ta wuta mana, ko turawa za mu yi?" Hasbunallahu kawai nake maimaitawa.

Na kusa Gazara wata motar rake ta ci birki a gabana saboda rami. Ban yi tunani ba, na danna ƙafa biyu kamar yadda na saba. Na ji ƙas a cikin ɗorin, a fili, kamar an taka busasshen kara. Ban tsaya dubawa ba.

Tun daga kan kwanar layinmu na hango tabarmi a ƙofar gida, maza a zaune, takalma a jere da jar ƙasa a jikinsu. Sun riga sun dawo daga kai Inna makwancinta. Ƙanwata ta yi ta kira, wayar tana rumfa inda na bar ta. Ita ta ciro ni daga motar tana kuka. "Jiya da la'asar har tashi zaune ta yi, da ta ji ƙarar mota. Ta ce ga ta nan."

Washegari Yaya ya zo gaisuwa a a-kori-kurarsa, ya cika ta da mutanen gida. A ranar kam, tumatir ya jira. Ya tsaya daga bakin ƙofa ya yi mini ta'aziyya, ya dubi ƙafata da ta kumbura kamar tulu, ya girgiza kai. "Gaggawa aikin shaiɗan. Da kin yi haƙuri ai da na kawo ki."

Na ce, "Allah Ya ba da lada, Yaya." Iyakar abin da tarbiyyar Inna ta bar ni in faɗa ke nan.

An sake ɗori, amma ƙashin ya haɗe a karkace. Kazar ta taka garau, ta yi ƙwai, ta ƙyanƙyashe. Na san ajali ba ya jiran mota, kuma ina roƙon Allah Ya wanke mini zuciya game da bawan Allahn nan. Sai dai a kan ƙafar hagu ake zaman tahiya, tawa kuwa ba ta lanƙwasuwa. Kowace salla sai na miƙe ta gefe, sai kuma na ga Inna ta tashi zaune tana sauraron motar da ba tawa ba.