Ba Zan Toshe wa Motata Baki Ba

Motata tana atishawa. Duk wanda ya san ni a Gumel ya san haka, don kafin a gan ni an ji ta. Da zarar na ɗaga ƙafa daga totur zan canza giya, sai ta yi "fishhh!" kamar an sace wa taya iska. 'Yan acaba su waiwayo, masu shayin bakin tasha su ɗaga murya: "Yarhamukillah, Hajiya!" Ni kuwa ko a jikina, in ɗaga musu hannu in wuce.

Haka na saye ta a Maigatari, 'yar Kwatano ce. Injinta mai turbo ne, wato akwai wata fanka da ke cusa masa iska da ƙarfi. In ka saki totur, iskar da ta taru ba ta da wurin zuwa, sai wani ɗan bawul ya buɗe ya sake ta. Masu ƙera motar sun sa tiyo da ke mayar da iskar cikin inji ba tare da ƙara ba. Wanda ya riƙe ta kafin ni, can a ƙasarsu, shi ya cire tiyon ya bar bawul yana furzar da iskar waje. Ban san shi ba, amma na sha sa masa albarka.

Dalilina kuwa Baba ne, mahaifina. Hawan jinin ido ya cinye masa gani ƙarƙaf, mutumin da a da yake gane tunkiyarsa a cikin garke tun daga nesa. Abin da ya rage masa a duniya shi ne zaman ƙofar gida a ƙauyenmu na gefen Ɗanzomo, shi da tsofaffin da suka taso tare. Kowace Juma'a da la'asar, in na taso daga asibitin da nake aiki a Gagarawa, sai in nufi can. A kwanar shiga gari dole in sauko da giya sau biyu, motar kuma ta yi atishawa sau biyu. Baba yana ji sai ya katse hira, ya laluba hularsa ya kafa, ya kakkaɓe gaban rigarsa, ya ce, "Ga uwata nan tafe." Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa na ci. Masu idon duk ba su hango ni ba tukuna, shi ya riga su. Sai su yi ta tsokanarsa wai ƙarya yake yi da makantar, shi kuma yana ta dariya har da tari.

Yayana, babban ɗan Baba, shi abin ke ci wa rai. Wai mace mai shekara arba'in da ɗoriya, ma'aikaciyar lafiya, tana yawo da motar 'yan tasha. Ranar da muka je gaisuwar mutuwa a Sule Tankarkar, mutane sun yi jigum ana addu'a, na zo tsayawa, motar ta yi abin nata. Wani rago da aka ɗaure a gindin darbejiya ya zabura, wasu samari suka ƙunshe dariya a hannun riga, sannan don ƙarin wulaƙanci motar ta mutu a tsakar hanya. Yaya ya fita bai ko dube ni ba. A hanyar dawowa na yi masa zancen Baba, ya ce, "Haba, tsohon nan ai muryarki ma ta ishe shi. Neman hujja kawai kike yi."

Wata Alhamis ya ari motar zai je kasuwar Maigatari. Ya dawo mini da ita da yamma, na tayar, na zaga unguwa. Shiru! Na sake taka totur na saki. Shiru. Ashe wurin bakanikena ya biya da ita, dattijon da ya koyo aiki a Damagaram, ya sa aka mayar da tiyo. Wallahi raina ya ɓaci. Amma ba zan yi ƙarya ba, motar ta yi lafiya. Ta daina baƙin hayaƙi, ta daina mutuwa in na taka birki. Har na fara ce wa kaina ko dai Yaya ne da gaskiya, ni ce na ɗauki abin da zafi.

Washegari na shiga kwanar garinmu kamar ɓarauniya. Na tsaya, na fito, na tako har bakin tabarma. Baba yana zaune kai ba hula, kunun da ya sha ya ɗiga a ƙirjin rigarsa bai sani ba. Ɗaya daga cikin tsofaffin ya taɓa gwiwarsa ya ce, "Malam, ka yi baƙuwa." Baba ya ɗaga fuska wajen da ba ni ba, ya ce, "Wace ce?"

Na durƙusa na gaishe shi. Yana jin muryata ya hau laluben hula, ya kasa samu, sai wani ya ɗora masa a ka kamar yaro. Babu wanda ya tsokane shi ranar, kuma wannan shirun nasu ya fi komai yi mini ciwo.

"Uwata, motar ce ta lalace?"

"Gyara ta aka yi, Baba."

Ya ce, "To."

Kwana uku bayan haka matar Yaya ta kira ni a waya. Baba ya daina fita ƙofar gida. Ya ce motoci duk sun zama iri ɗaya, ba zai zauna a waje kowa ya faɗo masa ba shiri ba. Yana ɗaki, abinci ma sai an yi da gaske.

Ban tsaya neman shawarar kowa ba, gareji na nufa. Bakaniken yana ganin fuskata ya ajiye sifana.

"Hajiya, ki tsaya ki ji," in ji shi. "Motar nan tana auna duk iskar da ta shiga, ta ba ta mai daidai da ita. In kika zubar da iskar waje, man nan zai shiga shi kaɗai. Shi ya sa take hayaƙi, take cin fulogi, take mutuwa a sulo, da zarar kin tsaya. Yayanki taimakonki ya yi."

"Na ji. Cire tiyon."

"Za ta sha mai fa."

"Ta sha. Aljihunka ne?"

"Za ta mutu miki a tsakiyar kasuwa."

"In ta mutu in tayar! Mota tawa, ƙafa tawa, kunya tawa. Wanda ya kawo maka ita ko taya ɗaya ba shi da shi a jikinta, amma ka kwance ba ka tambaye ni ba. Yau ga mai ita a gabanka, kake ja mini magana?"

Ya yi dariya ya ce tabɗijam, yau ya taro faɗa. Da na faɗa masa dalili sai dariyar ta tsaya. Ya cire tiyon, ya toshe ramin da ya bari, ya ƙara ɗaure sifirin ɗin bawul don kada ya riƙa buɗewa in motar na tsaye. Ya ce hakan zai rage mutuwar amma ba zai hana ba, kuma in riƙa kawo ta yana wanke fulogi. Na ce na yarda.

Ban jira Juma'a ba. A kwanar gari na sauko da giya ba sau biyu ba, sau huɗu, da gangan, kowa ya ji. Ƙofar gida ba Baba, sai tsofaffi biyu da Yaya a kan benci. Yaya ya miƙe rai a ɓace.

"Ke wai ba kya jin magana ne?"

"Ina ji, Yaya. Wannan ce dai ba zan ji ba. In ka ƙara taɓa mini mota, ni da kai sai a gaban Baba."

Kafin ya ba ni amsa muka ji motsi a zaure. Baba ne, yana bin bango da hannu, shi kaɗai, ba wanda ya riƙo shi. Ya ce a kai shi wurin motar. Na kama hannunsa, na buɗe murfin inji.

"Ina abin da ke yin kukan nan? Ina so in taɓa."

Na kai tafinsa kusa da bakin bawul, na ce kada ya motsa, akwai zafi a gefe. Na ce wa Yaya ya riƙe masa hannun riga, ya riƙe ba don ya so ba. Na shiga, na taka totur sosai, na saki. Iskar ta bugi tafin Baba, ya zabura, sannan ya fashe da dariya.

"Ashe da ɗumi! Ƙara, uwata."

Na ƙara. Sau biyar na ƙara, hayaƙi ya turnuƙe bayan motar, Yaya yana tari, hawaye na zubo mini a kan sitiyari ban share ba. A na ƙarshen motar ta mutu. Baba ya janye hannunsa ya shafa a fuska, ya juya wajen da yake jin tarin ɗansa.

"Kai, tsayuwar me kake yi? Shiga ka fito mini da buzuna, a waje zan zauna."