Ɗantani Mai Ganin Wata da Kaset ɗin Bawa

A Galadi, in ana maganar ido, to Ɗantani ake nufi. Manomi ne kamar kowa, gero da dawa, da 'yan awaki a bayan gida. Karatunsa bai kai a kira shi malam ba, dukiyarsa ba ta kai a yi masa fadanci ba. Amma tun yana saurayi, duk ƙarshen Sha'aban shi ke hawa tudun yamma da gari ya hango jinjirin wata tun sauran jama'a na murza ido. Sai ya nuna wa abokinsa Ado, su biyu su je gaban liman su ba da shaida, a aika da labari gaba. Abin da ya mallaka ke nan a duniya: in ya ce ya gani, an yarda.

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a aka rufe gidajen kallo. Ɗantani ko a jikinsa, don ko lokacin da suke buɗe bai taɓa leƙawa ba. Sai ga shi ranar kasuwar Shinkafi ya yi kiciɓis da Bawa, ɗan ƙanen uwarsa, mai injin niƙa, mutumin da bakinsa ba ya hutawa.

"Kai da ka daɗe kana hangen wata daga nesa," in ji Bawa, "taho in gwada maka shi kusa. Ina da kaset. Har taka shi sunka yi."

Da wani abu aka ambata, da Ɗantani ya yi tsaki ya wuce. Amma wata fa! Haka dattijo da furfurarsa ya sunkuya ya shiga ɗakin bayan injin da rana tsaka, ya tarar da maza a tsugune gaban talabijin, ƙarar niƙa tana rufe musu asiri.

Abin da ya gani ya kusa tsayar masa da numfashi. Wani Bature ne da wata Baturiya cikin kumbo, can tsakanin taurari, suna yawo a iska ba sama ba ƙasa, gashin matar a miƙe.

"Innalillahi! To ina alƙibla tasu?" ya tambaya da ƙarfi. Aka ce ya yi shiru.

Sai ga watan. Ɗantani ya saki baki. Abin da ya yi shekaru yana yi wa kabbara ashe fili ne mai toka-toka, duk ramuka, kamar fadamar da shanu suka tattake ta bushe. Kuma wai ga mutane a kai da takalma, namiji da macen da ba a ce an ɗaura musu aure ba, riƙe da hannun juna. Ya so ya tashi ya fita, amma ya ci gaba da kallo. Bawa, wanda Turancinsa bai fi na gaisuwa ba, yana ta bayani: iskar numfashinsu ta kusa ƙarewa, ƙaramin jirgin da zai dawo duniya mutum guda yake ɗauka, namijin ya ce ta tafi ta bar shi. Matar ta sa ƙafa ɗaya a ƙofar jirgin, ta waiwayo tana kuka. Ɗantani bai san sa'ad da ya miƙe tsaye ba.

Daidai nan aka banko ƙofa. 'Yan hisba ne. Matasa suka yi ta katanga, aka bar dattijo tsaye, baki buɗe. Aka kwashe talabijin da kaset, aka tafi da Bawa. Shi kuwa an duba furfurarsa, aka yi masa wa'azi aka sallame shi. Da bulala aka yi masa ma da ya fi sauƙi, don kafin ɗan kabu-kabu ya sauke shi Galadi, labarin ya riga shi isa. Matarsa Zulai ta ajiye masa tuwo ba ta ce uffan ba, haka kuma aka ci gaba da zama.

Sha'aban ya zo ƙarshe. Da magariba ya hau tudu kamar kullum, sai dai bana ba wanda ya matso kusa da shi in ba Ado ba. Can ya hango shi, siriri kamar zare, dab da kan bishiyar kuka. Ya kama kafaɗar Ado ya nuna, Ado ya yi kabbara. Ba a jima ba ya ɓace.

Suka tarar da liman a ƙofar masallaci. Ya saurare su, sa'an nan ya ce, "Adalai biyu aka buƙata. Ga Ado guda. Ina na biyu?"

Ɗantani ya waiga bayansa, yana zaton da wani ake. Sai ya gane an fitar da shi daga cikin adalai.

"Wane watan yag gani?" wani ya jefo daga baya. "Na Allah ko na Bawa?"

Aka fashe da dariya. Ado, Allah ya shirye shi, ya sosa ƙeya ya ce shi ma dai bai tabbata ba, ƙila idonsa ne. Rediyo ma ba ta ce komai ba. Liman ya ce gobe a cika Sha'aban, amma wanda ya tabbata ya gani da idonsa, azumi ya hau kansa shi kaɗai.

Da safe gari ya ɗauki hayaƙin girki, masu koko da ƙosai suna ta ciniki. Ɗantani na zaune a tsakar gida da baƙin ciki, bakinsa a bushe. Hantsi ya ɗaga, ya lura murhun Zulai ko toka ba a kwashe ba.

"Hura wuta ki ci abinki," ya ce. "Ni ɗai azumi yah hau ma. Ke ba ki ga watan ba."

"Yaushe nit taɓa ganin shi?" in ji Zulai. "Tun da anka kawo ni gidanga da idonka nika azumi."

Ta ɗauki tsintsiya, ta yi shara kaɗan, ta tsaya ba ta dube shi ba.

"Waccan matar ta cikin akwati, da anka ce ka miƙe tsaye dominta. Ta tahi ta bar shi?"

"Ban ga ƙarshe ba."

Zulai ta jingine tsintsiyar, ta ɗauki tukunyar koko ta kife.