A Fasa Banɗakin

Har in koma ga Allah ba zan manta da wata Talata ba, wata biyu bayan na fita takabar maigidana, Malam. Jikata ce ke rubutawa ina faɗa, don ban yi boko ba. Ku sababbin shiga aikin gida, ku saurara.

Shekara ashirin da shida muka yi a gidan Hajiya a Nassarawa GRA, ni da maigidana. Ni wanki da shara, shi ban ruwan fulawa da gyare-gyare. Da ya rasu, Allah Ya ji ƙansa, tsoro ya kama ni, domin ɗakin ma'aikata da muke ciki saboda shi aka ba mu. Kullum ina jiran a ce, "Iya, ki koma Ringim ki huta." Ni kuwa ba ni da kowa a can.

Akwai banɗaki a ƙasa, jikin ɗakin baƙi, da aka daɗe ana son sabuntawa. Shirin shi ne Malam ya cire tsohon tayil da baho, sannan masu gyara su zo. Hajiya tana Abuja wajen jinyar mahaifiyarta, sai ta turo saƙo ta wayar direba, Malam Habu. Ya same ni ina shanya.

"Iya, umarni daga sama. Ta rubuto, a fasa banɗakin."

"Wa zai fasa? Mai fasawar yana ƙarƙashin ƙasa."

"Ni dai karatu na yi miki. Bayana ma ciwo yake."

Na jawo jakar kayan aikin Malam. Ƙotar gudumar ta yi santsi daidai inda yake riƙewa. Na zauna na yi kukana, sannan na ɗaure ɗamara. A raina na ce yau za a ga ina da sauran amfani.

Yadda na sha ganin yana yi, haka na yi. Na rufe ruwa daga tanki, na buɗe famfo ya tsiyaye. Na cire madubi. Na cusa tsumma a magudana don kada ɓaraguzai su toshe ta. Tayil daga sama ake farawa, ana sauraron bango, inda ya yi ƙarar fanko a bi a hankali don bututu na iya kasancewa ciki. Kwana uku ina yi, Habu na tura baro yana mita.

Ranar Juma'a Hajiya ta dawo da mahaifiyarta, Inna, a keken guragu, an yi mata aiki a gwiwa. Ta buɗe ƙofar banɗakin ta tsaya.

"Iya, me zan gani haka?"

"Kin ce a fasa, Hajiya."

"Ai cewa na yi a fasa."

"To, an fasa."

"Ba ku fasa ba, Iya. Da kun fasa da ba ku fasa ba."

Na dubi Habu, kaina ya ɗaure. Ya zaro waya ya karanta, ya sake karantawa yana jan muryar, sai ya dafe kai. Ashe nufinta a janye aikin, a bari sai gaba, tunda Inna ba ta iya hawa bene kuma a ɗakin baƙi za ta zauna. Na ce su nuna mini inda maganar biyu ta bambanta a rubuce. Habu ya ce babu, iri ɗaya ake rubuta su. Na ce to mene ne amfanin rubutun?

Hajiya ta ce a hankali, "Da Malam yana nan, da sai ya kira ni ya ji da kunnensa."

Gaskiya ta faɗa, shi ya sa maganar ta soke ni. Na koma ɗaki na fara ƙulla kayana a zani.

Bayan la'asar ta leƙo. "Iya, ina zuwa?"

"Kafin a ce mini."

"Ki rushe mana banɗaki ki gudu? Wa zai yi wa Inna wanka? Kwance ƙullin nan, ki ɗora ruwan zafi."

Sati uku ina yi wa Inna wanka a babbar roba a tsakiyar ɗakin baƙi. Ita ma mijinta ya daɗe da rasuwa. Ina cuɗa mata baya muna kukan mazanmu, in ta gaji ta ce, "Ke mai guduma, ruwan ya huce."

Abin da na koya shi ne, a aikin gidan mutane, tsoron kora ya fi rashin sani ɓarna. Ba karatu ne ya kayar da ni ba, tambaya na ji tsoro, kada a ce na kasa. In aka aiko muku da umarni, musamman wanda in an aikata ba a mayarwa, ku nemi muryar mai shi. Ni har yau ina gidan, kuma ko ƙwai aka ce in fasa, sai na tambaya, "Wace fasawar?"