Zufar Yaya Rifkatu a Gonar Citta

Shekara tara ke nan da muka binne yayata Rifkatu a Kwoi. Ita ta goya ni, ita ta koya mini tonon citta. Ciwon da ya kashe ta ya kama ni daga baya, amma ga ni da raina, har ina zuwa ajin manya a coci ina koyon rubutu. Har yau ban san yadda zan yi murna da hakan ba.

Abin yakan taso mata ne in ta sunkuya. Ana cikin gayyar tonon citta sai ta miƙe ta dafe kai, zufa ta jiƙa mata zane, zuciyarta tana bugawa har ana gani a wuyanta. Sai a ɗora ta a mashin zuwa asibiti. Kafin a isa ya lafa, a auna jini a ce lafiyarta ƙalau. To a wurinmu, wanda aka yi wa gayya dole ya rama, ita kuwa an yi mata. Mata suka fara cewa ciwon Rifkatu gonar mutane kawai ya sani. Har a waƙar aiki suka saka ta. Mu 'yan gida ba mu rera ba, amma ba mu hana ba. Don kunya ta daina hutawa in ya taso. A gonar maƙwabcinmu ta faɗi, ba ta ƙara magana ba.

Bayan wasu shekaru, ina ɗaukar buhunan citta a kasuwar Kafanchan, sai irin zufar nan ta fara karyo mini. Likitar da ta duba ni ta tambaya ko wani a gidanmu ya taɓa yin haka. Na ba ta labarin Yaya. Nan take ta tura ni Jos ɗaukar hoto, aka ga ƙari a jikin wata 'yar tsoka da ke zaune a saman ƙoda. Aka ce tsokar ce ke sakin abin da ke sa gaban mutum faɗuwa in ya tsorata. In ƙari ya fito mata, sunkuyawa ma takan sa ta zuba shi da yawa cikin jini, kuma irin wannan yakan bi dangi. Likitar ta ce ba don labarin yayata ba, da maganin hawan jini kawai za ta ba ni in tafi. Ita daɗi take so in ji. Ni kuwa abin da na ji shi ne sai da Yaya ta mutu aka yarda da nawa ciwon.

Na sha magani na 'yan makonni, sannan aka yi aikin. Ba a tsaga cikina ba. Ƙananan huji aka yi, aka zura kamara da wasu dogayen ƙarafa, aka ciro tsokar. Cikin 'yan kwanaki na koma gida da ƙafata. Ranar godiya a coci ana ta rawa ana raka ni gaba, ni kuwa idona yana bencin zumuntar mata, inda Yaya ta saba zama.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga wannan zamani. Na san za ta fara da tsokana, ta ce ƙato kamata ya tsorata da hujin da bai kai na gara ba. Daga nan sai ta tambayi 'yarta.

Ba ta bar dukiya ba. Ta bar muryar waƙa da taurin kai, duka biyun suna wurin Alheri, 'yarta da ke aure a Fadan Kagoma. Bana mijin Alheri ya gaya mini ta fara dafe kai a gona. Na je na same ta, ta ce zafin rana ne, kuma ita ba mai yanka mata ciki tana da yara ƙanana. Na yi magana har na gaji. Daga ƙarshe na yi abin da babba ba ya yi a gidan surukai: na ɗaga rigata a tsakar gida.

Ta matso ta duba tabon, ta sa yatsa a kan ɗaya.

"Kawu, wannan ne duka?"

Na ce shi ke nan.

"Da Mama ta kai yanzu, abin da za a yi mata ke nan?"

Ta daɗe tana kallona, sannan ta juya ta ce wa uwar mijinta ta riƙe mata yaran, gobe za ta bi kawunta Kafanchan wurin likita.